Maratayin Zomo: Kwana Huɗu a Ƙauyen Kawu, Bakin Bahar Azraƙ

A ƙarshen watan Agusta na 2021 na tashi daga Omdurman da katan shida na tocila, da ƙananan faifan sola goma sha biyu, da littafin bashi a aljihu. A lokacin shagona yana Suƙ Libiya, kuma duk bayan wata uku nakan bi ƙauyukan kudu in kai kaya, in karɓo abin da ya samu. Wanda ya yi kasuwanci a Sudan a wannan shekarar ya san tafiyar ba ta riba ba ce. Tun watan Fabrairu gwamnati ta karya darajar fam, dala ɗaya ta tashi daga 55 zuwa 375 a farashin banki, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 300 cikin ɗari. Ka ba mutum kaya bashi da azumi, ya biya ka bayan Babbar Sallah, kuɗin da ya miƙo maka ba zai maido da kayan ba. Duk da haka ake tafiya, don in ka daina zuwa wani ne zai gaje maka abokan ciniki.

Wanda bai taɓa ratsa Jazira da damina ba, bari in kwatanta masa. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai a tsakanin koguna biyu, Bahar Abyad a yamma, Bahar Azraƙ a gabas. Daga Kartum ka wuce Kamlin, ka wuce Hasahisa, har ka shiga Wad Madani, idonka ba zai ci karo da tudun da ya fi jingar tur'a tsawo ba. Tur'a su ne hanyoyin ruwan noma. A 1925 Turawan Ingila suka kammala madatsar Sinnar, suka jawo ruwa ya bi gangara da kansa ba tare da inji ba, don a noma audugar da masaƙunsu ke buƙata. Da aka ƙara faɗin Manaƙil daga baya, gonar ta kai wajen fadan miliyan biyu. Mutanenmu da suka fito da ƙafa za su Makka, da yawansu a nan guzuri ya ƙare musu, suka tsaya cirar auduga don su tara kuɗin jirgin Sawakin. Wasu sun haye sun dawo sun zauna. Wasu kuwa har gobe jikokinsu na cewa, cikin raha, ai kan hanya suke.

A kowace tasha za ka ji Hausa, ko da an cuɗa ta da Larabci. Mai naman da ke fifita garwashi a bakin hanya agashe yake sayarwa, wato tsirenmu ne da ƙuli-ƙulinsa, sunan ma daga "a gashe" ya fito, Balaraben da ke cin sa bai sani ba. Na kwana a Madani, washegari na bi ta Hajj Abdalla da Wad Haddad na sauka Sinnar, na wuce Mai Wurno. Garin sunan wanda ya kafa shi ya ci, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya wanda ya faɗi a Burmi a 1903. Shi ya ja ragowar masu hijira suka yi ta gabas har suka iso bakin wannan kogi wajajen 1906. Ina da masu shago uku a can. Biyu suka ba ni rabi, na ukun ya ba ni shayi da haƙuri.

Ƙauyen Kawu yana kudu da Mai Wurno. Kana sauka daga kwaltar Sinja sai ka yi gabas wajen kogi. Na ce Kawu ne don kakansa da kakan mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya suke, mutanen ƙasar Haɗeja, kuma mahaifinsa a bayan jaki aka kawo shi Sudan yana yaro. Kawu ya haura tamanin a lokacin, bai taɓa taka Najeriya ba, amma in yana ba ka labarin fadamar Haɗeja sai ka rantse jiya ya baro ta. Na yi niyyar kwana ɗaya. Da la'asar hadari ya taso daga kudu, baƙi ƙirin, aka kwana ana ruwa.

"Jabha ce ta kama ka," in ji Kawu da safe, yana kurɓar jabana a ƙarƙashin rakuba. Shi ba ya lissafi da Agusta. Taurarin damina yake ƙirgawa, kowace kwana goma sha uku ko kusa da haka, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, har zuwa Simak. "Kwance kayanka, ɗan nan. Yau ko karo ba zai fita ba."

Gaskiyarsa. Ƙasar yankin baƙar laka ce. Da rani takan tsage har ƙafar jaki ta zurma, da damina kuma ta koma danƙo, ka ɗaga ƙafa ka bar takalmi. Haka na yi kwana huɗu.

A gidan akwai jikan Kawu, ɗan shekara goma sha biyar, siriri, mai saurin dariya. Ubansa ya tafi haƙar zinariya arewa, wata bakwai ba aike. Ina kwance kaya don kada laima ta shiga batir, yaron ya ɗaga wata tocila, irin mai maɗauri da ake sawa a goshi, sabuwar shigowa daga Caina.

"Baffa, wannan har ina take kaiwa?"

Ka san bakin ɗan kasuwa. Na ce ai wannan in ka haska daga nan, mutumin da ke tsallaken kogi zai ƙirga kuɗinsa. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya rage murya.

"In an yi isha'i ka zo mu gwada ta. Akwai zomaye a gefen riɗin Jiddo."

Ni rabona da farauta tun ina makarantar allo a gida, muna bin manya da gora muna ihu. Zaman rakuba kuma ya ishe ni. Na ce to.

Muka fita bayan gari ya yi shiru, ni da shi da karnuka biyu, dogaye masu siririn ciki, jinin irin da Larabawa ke kira saluƙi. Yana riƙe da kere, wanda su a can suke kira safarok, itace mai lanƙwasa da ake jifa da shi ƙasa-ƙasa ya tafi yana juyi ya karya ƙafa. Muka bi jigawar bakin kogi inda yashi ya fi laka, muka ratsa bagaruwa da aduwa, kwaɗi na ta kuka kamar ana biki. Riɗin ya kai cinya, yana fure. Ni ke sanye da tocilar.

Ba mu yi tafiyar rabin sa'a ba ya dafa hannuna. A bakin gona, inda wani ya shuka wake, na ga ɗigo biyu ja suna ƙyalli. Na sha jin cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune, amma wannan a zaune muka same shi. Hasken ya ɗaure shi, ya kafa kunnuwa, bai san inda zai nufa ba. Kafin ya yi tsalle na biyu kere ya same shi a baya, karnuka suka rufa. Wanda bai taɓa jin kukan zomo ba, wallahi kamar jariri. Yaron ya kore karnukan da ƙafa, ya zaro wuƙa, ya yi bisimilla ya yanka.

"Ka ga aikin tocila, Baffa! Da ta Jiddo mai batir biyu sai mu kwana muna yawo."

Ya ɗaure ƙafafun baya da igiya ya miƙo mini, don shi zai riƙe karnuka. Na rataya a kafaɗa. Da nauyinsa. A hanya na ji gefen rigata ya jiƙe, na ɗauka jini ne. Sai da muka shigo gida na haska na ga abin fari ne.

Da asuba Inna, matar Kawu, wadda yaran ke kira Habboba, ta ɗauko wuƙa za ta feɗe. Ta fara da wasan jika da kaka, tana cewa yau dai maigidan ya tuna da cefane. Tana juya cikin dabbar sai ta yi shiru. Ta matsa da yatsa, nono ya fito. Da ta farka cikin kuma ta ciro wasu abubuwa biyu, kowanne bai fi ƙwallon dabino ba. Ba ta ce komai ba, ta sa su a sakaina ta kai gaban Kawu ta ajiye.

Kawu ya daɗe yana kallo. Ya kira yaron.

"Kai walad, zomo nawa ka kashe jiya?"

"Ɗaya, Jiddo."

"Ƙirga da kyau. Ga uwa. Ga biyu a sakaina. Nonon nan kuma na wa ne? Akwai biyu ko uku a kwance cikin ciyawa yanzu haka, tun jiya suke jira."

Yaron ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki zan ce laifina ne, Kawu ya riga ni.

"Ai na sani, Alhaji." In ya ce mini Alhaji to akwai magana. "Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Wannan yaro ne. Kai da furfurarka ka sa masa rana a goshi, ka kai shi gona da Jabha."

Ban taɓa jin karin maganar nan ta zauna daram a kan mutum kamar yadda ta zauna a kaina ba, don ga tabon a rigata.

Abin da Kawu ya koya mini a wannan safiya, daga baya na bincika na tarar haka masana dabbobi suke faɗa. Mu da muka tashi a birni muna haɗa zomon daji da zomon gida, alhali rayuwarsu daban. Zomon gida rami yake haƙawa, ya haifi 'ya'ya tsirara, ido a rufe. Zomanyar daji ba ta da rami. Ɗan wuri take murjewa a gindin ciyawa, bayan ciki na kamar kwana arba'in da biyu ta haifi ɗaya, ko biyu, ko uku, da gashinsu, idonsu a buɗe. Ba ta zama da su, don kada warinta ya jawo musu dila ko shaho. Kowanne ya laɓe a nasa wurin, ba motsi. Sau ɗaya a yini take zuwa, bayan faɗuwar rana, ta shayar da su na 'yan mintoci ta wuce, haka har kusan wata guda. Tana cikin shayarwar kuma takan sake ɗaukar wani cikin. Shi ya sa tamu take da nono ga kuma 'ya'ya a ciki. Zomo na iya haihuwa a kowane lokaci in akwai ɗanyar ciyawa, har Kawu ya ce ya taɓa tsintar ɗan zomo cikin alkamar Jazira da tsakiyar sanyi, amma a ƙasar noman ruwan sama irin tasu damina ce kakar haihuwa.

Na ce, "Kawu, to da can akwai dokar da ta hana?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce wace doka? Dokar gwamnati tana Dindir, inda aka killace daji tun 1935 aka sa masu gadi da bindiga saboda ɓauna da zaki. Zomon gefen riɗi wa zai tsare shi? Abin da ya tsare shi shi ne fartanya. Daga rushash, wato yayyafin farko, har a yanke dawa, babu namijin da ke da lokacin bin zomo. Ka wuni kana noma, ka dawo ko tuwo da ƙyar kake gamawa. Ciyawa ta fi ƙarfin kare, laka ta fi ƙarfin mutum, macizai sun fito, dare kuma dare ne, fitilar ƙwai ba ta nuna maka komai sai ƙafarka. Sai an shiga darat, an kai amfani gida, kara ya bushe, sannan a sa rana. A busa ƙaho, ƙauye uku ko huɗu su haɗu, a ja layi mai tsawo da karnuka da kere, a tashi tun hantsi sai la'asar. Wanda karensa ya fara kamawa shi ke da nama, in gardama ta tashi dattawa su raba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, in ji shi, kuma a lokacin 'ya'yan damina sun girma sun iya gudun.

"Ba tausayi ne ya yi mana yawa ba," in ji Kawu. "Hanya ce ba mu da ita. Yanzu kun kawo hanya a katan."

Don adalci, bai ɗora wa tocila komai da komai ba. Ya nuna yamma da sandarsa, wajen Dali da Mazmum, inda manyan gonakin tarakta suka share dajin da ya sani yana saurayi. Ya ce farkon damina in tarakta ta ja faranti ta bi fili, duk ɗan zomon da ya laɓe ba ya tashi, don abin da uwarsa ta gadar masa ke nan, in ka ji motsi ka lafe. Masu gawayi sun cinye itace. Barewa da yake gani daga bayan gari ta zama labari, zabin daji sai an yi nisa. Zomo ne ya rage, shi ma don yana da yawan haihuwa ne.

Da hantsi na sami yaron a bayan ɗaki yana gyara ƙugiyar kifi, fuska a murtuke. Na zauna kusa da shi. Ya daɗe kafin ya yi magana, da ya fara kuma bai tsaya ba.

"Baffa, Jiddo yana da gaskiya, amma shi ba ya zuwa kasuwa. Rabonmu da nama tun na layya, shi ma maƙwabta suka aiko. Sharmut ɗin Habboba ya ƙare. Kullum asida da miyar weka, ƙannena har sun daina tambaya. Kogi ya cika ya yi ja, kifi ba ya cin ƙugiya. Zomayen nan kuma waken mutane suke ci, je ka duba gonar ka gani, layi guda sun aske. Akwai mai boksi da ke zuwa daga Sinnar in hanya ta bushe, yana saye, ko nawa ka kawo. Yaran unguwar gabas kullum suna fita. In na bari su ba za su bari ba."

Ban sami amsar da zan ba shi ba, har yau ma ba ni da cikakkiya. Mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin wannan magana ta ƙarshe. Da ita muke sayar da abin da zuciyarmu ba ta kwanta da shi ba, in ban kawo ba wani zai kawo.

Na je wurin limamin ƙauyen bayan azahar, don a raina ina neman wanda zai wanke ni. Ya ce naman halal ne, babu saɓani a mazhabobin nan huɗu, kuma ya zo a Bukhari da Muslim cewa sahabbai sun kama zomo a Marruz Zahran, Abu Ɗalha ya yanka ya aika wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da wani sashe, ya karɓa. Na fara murmushi. Sai ya ƙara da cewa a cikin Abu Dawuda kuma akwai labarin tsuntsuwar da aka ɗauke wa 'ya'ya biyu ta zo tana kaɗa fiffike, aka umarci a mayar mata da su. Ya ce yaron yunwa ta fitar da shi, kai kuwa me ya fitar da kai? Na ce zaman rakuba. Ya ce to malamanmu na Malikiyya sun karhanta farautar da aka yi don nishaɗi kawai. Na yi masa godiya na taso.

Naman dai an ci. Inna ta dafa shi da albasa da dakwar gyaɗa, aka ci da kisra, yara suna ta lasar hannu. Ni ma na ci, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ya yi daɗi.

Da yamma yaron ya ce mu je mu duba. Muka koma bakin waken, muka bi ciyawa a hankali da sanda. Har rana ta kusa faɗuwa ba mu ga komai ba, sai ƙanwarsa 'yar shekara bakwai, da ta biyo mu ba da izini ba, ta tsuguna ta ce ga shi. Na taka kusa da wurin sau biyu ban gani ba. Bai cika tafin hannuna ba, kalar ƙasa sak, kunnuwa a kwance a baya, ido buɗe. Ko motsi bai yi ba da aka ɗauke shi. Sauran ba mu same su ba. Yarinyar ta sa shi a kwali na tocila, ta shimfiɗa masa tsumma, Inna ta tatso akuya ana ɗiga masa da auduga. Kawu ya leƙa ya ce nonon zomanya ya fi na akuya kauri nesa ba kusa ba, da wuya ya riƙe shi. Ya kwana biyu. A safiyar da zan tafi muka tarar ya sandare. Yarinyar ta ƙi yi mini sallama.

A daren ƙarshe sabis ya ɗan dawo, na aika wa ɗan wana da ke tuƙin babbar mota a Kanada hoton ɗan zomon ta WhatsApp. Ya turo mini murya mai tsawo. Ya ce su ma suna da nasu zomon daji, mai faffaɗan ƙafar baya kamar ya sa faifai, da ita yake gudu a kan ƙanƙara ba ya nutsewa. Da zafi ja-ja ne, da sanyi ya rikiɗe fari fat. Yana fara barbara wajajen Maris, ya yi ta haihuwa har Agusta, sau biyu, sau uku, wani lokaci huɗu. A lardunan gabashin ƙasar sai da kaka ake buɗe farautarsa, a rufe kafin lokacin haihuwa ya kankama, kuma sai da takardar izini. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka gano cewa yawan zomon nan yana hawa ya sauka duk bayan kamar shekara goma, kyanwar dajin da ke cin sa ita ma tana bin sahu. Daga littafin 'yan kasuwa aka gano. Kamfanin fatu na Hudson's Bay, wanda aka kafa a 1670, ya yi ta rubuta adadin fatun da ya saya shekara bayan shekara, masana suka zo daga baya suka karanta lissafin suka ga abin da ke faruwa a daji.

Na kunna wa Kawu ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "To su sun rubuta a takarda, mu fartanya ta rubuta mana. Kai naka littafin me zai nuna in an karanta?" Na ce bashi. Muka yi dariya, amma da na kwanta na yi lissafi. A shekara biyu na shigar da tocilar goshi ta fi ɗari uku ƙauyukan da ke tsakanin Sinnar da Sinja.

Kada wani ya ɗauka na daina sayarwa. Tocilar nan da ita ungozoma ke karɓar haihuwa, da ita ake ganin kunama kafin a taka, da ita mai ban-ruwa ke buɗe abu ishirin da tsakar dare, ɗalibi kuma ya yi bita. Na sauke katan biyu a ƙauyen kamar yadda na saba. Abin da na yi kaɗan ne. Na ba yaron faifan sola ɗaya da batir da abin cajin waya mai baki goma, bashi, ya riƙa yi wa mutane caji yana biyana a hankali. Sharaɗin Kawu ne ya sa, ba ni ba: karnuka a ɗaure daga Zira'a har a yanke riɗi. Ranar Juma'a kuma ya sa liman ya yi wa iyayen yaran unguwar gabas magana. Da na dawo a watan Disamba aka ce wasu sun ji, wasu ba su ji ba. Mai boksi bai fasa zuwa ba. Yaron ya biya kashi ɗaya cikin uku, na rubuta.

Sauran labarin kun san shi, wasunku ma a jikinsu ya faru. A watan Yuli na 2022 rikici ya tashi a Rusairis da Damazin, aka kashe mutanenmu da dama, dubbai suka gudo arewa, wasu a ƙauyen Kawu suka sauka. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Kartum. Shagona ya tafi, na fito da iyali da littafin bashi da kayan jikinmu. Madani ta faɗi a Disamba na wannan shekarar, Sinja a ƙarshen Yuni na 2024, daidai lokacin shuka. Mutanen ƙauyen suka haye kogi suka yi gabas wajen Gadarif da ƙafa, cikin laka. Kawu bai kai ba, Allah ya jiƙansa da rahama. A hanya aka binne shi.

Bayan sojoji sun karɓe Sinja a watan Nuwamba mutane suka fara komawa kaɗan-kaɗan. A daminar 2025, ina Kano, sai ga saƙon murya daga lambar da ban sani ba. Muryar ta yi kauri har ban gane ta ba sai da ya ce Baffa. Ya ce Habboba na nan da rai tana gaishe ni. An kwashe ƙofofi da injin niƙa, faifan solar ma an tafi da shi. Gonakin da ba a noma ba sun koma daji, ciyawa ta fi mutum, zomaye kuwa har cikin gari suke shigowa da rana tsaka, sun hana wake tashi. Ya ce in akwai mai zuwa ta Bur Sudan in aiko masa da tocila, irin ta goshin nan.

Na tambaye shi wace tauraruwa ake ciki. Ya yi dariya ya ce Ɗarfa, kuma in kwantar da hankalina, ko kare ɗaya bai rage a gidan ba, macizai ne suka yi yawa a hanyar rijiya. Na aika masa guda biyu ta hannun wani ɗan Gadarif da ya zo sarin atamfa Kantin Kwari. Na buɗe littafin a shafinsa, inda ragowar kuɗin sola yake tun 2021, na rubuta tocila biyu a ƙasa, ban sa farashi ba.